MIG-21: Jirgin Yaƙin da Ya Fi Sauti Gudu

Jawabin Edita

 

Yau a kan jirgin yaƙi za mu yi magana. Da yawanku kun taɓa ganinsa. Kuna gona, sai wani abu ya gifta a sama kamar kibiya. Sai ya wuce sannan ku ji ƙara. Yara su ruga gida, awaki su watse. To, yau za mu leƙa cikin irin wannan jirgi, mu ga yadda aka ƙera shi da dalilin ƙera shi haka.

Jiragen yaƙi iri-iri ne. Na zaɓi guda ɗaya, sunansa MIG-21. Cikin jiragen da suka fi sauti gudu, babu wanda aka ƙera da yawa kamarsa. An ƙera fiye da 11,000. Ƙasashe kusan 60 sun yi aiki da shi, har da Nijeriya.

Su Wane ne Suka Ƙera Shi?

Jirgin na Tarayyar Sobiyet ne. Wata babbar ƙasa ce da ta haɗa Rasha da maƙwabtanta, ta wargaje a 1991. A 1939 aka buɗe wani ofishin zana jirage a birnin Mosko. Injiniyoyi biyu ne suka shugabance shi, Mikoyan da Gurebich. Daga sunayensu aka samo sunan jirgin. M na Mikoyan ne, G na Gurebich. Harafin I da ke tsakiya kuwa, a Rashanci ma'anarsa "da". Wato Mikoyan da Gurebich. Abin sha'awa, a harshensu kalmar "mig" tana nufin ɗan lokaci kaɗan, kamar ƙiftawar ido. Suna ya dace da mai shi.

Daga 1950 zuwa 1953 an yi yaƙi a Koriya. A can ne jiragen yaƙi marasa farfela suka fara gwabzawa da juna a sama. Yayan wannan jirgi, wato MIG-15, ya kara da jiragen Amurka. Kowane ɓangare ya koma gida da darasi ɗaya. Wanda ya fi gudu, ya fi saurin hawa sama, shi ke zaɓen lokacin faɗa.

Ban da wannan, akwai abin da ya hana shugabannin Sobiyet barci. Amurka tana ƙera manyan jirage masu ɗaukar bam ɗin nukiliya, irin su B-52. Suna tafiya can ƙololuwar sama. Idan ɗaya ya iso kan birni, an gama da birnin. Saboda haka aka ce wa su Mikoyan su zana jirgin da zai tare su. Ya zama ƙarami, mara nauyi. Ya tashi da sauri, ya hau sama, ya harba, ya dawo gida. Ya zama mai araha, don a ƙera dubbai. Kuma ya zama makanike ɗan ƙauye da ya shiga soja zai iya gyara shi.

Ku riƙe wannan umarni a ranku. Duk kyawun jirgin da duk aibinsa daga nan suka fito.

An gwada na farko a sama a 1955. A 1959 aka fara miƙa wa soja.

Me Ake Nufi da Fin Sauti Gudu?

Ku tuna mace tana daka a can nesa, kuna kallonta daga bakin gona. Za ku ga taɓarya ta sauka, sai an ɗan jima ku ji "dum". Haka walƙiya take riga tsawa. Dalili shi ne sauti tafiya yake yi, kuma tafiyar tana cin lokaci. Cikin daƙiƙa 3 yake cin kilomita ɗaya. A awa ɗaya yana cin kamar kilomita 1,200.

MIG-21 idan ya hau can sama yana cin fiye da kilomita 2,100 a awa. A can sama akwai sanyi ƙwarai, sauti yana rage gudu, don haka jirgin ya ninka gudun sauti sau biyu. Da wannan gudu, tafiyar Kano zuwa Kaduna ba ta kai minti 7 ba. Kafin a gama ɗora tukunyar shayi ya isa.

Idan jirgi ya fi sauti gudu, iska ba ta samun damar kaucewa. Sai ta taru a gabansa ta dunƙule. Idan wannan dunƙulen iska ya iso ƙasa, sai a ji ƙara kamar an harba igwa. Ba harbi ba ne. Kun san wannan ƙara a ƙaramin sikeli. Idan aka kaɗa doguwar bulala a iska ta ce "tau", bakin bulalar ne ya fi sauti gudu.

Yadda Injin Yake Aiki

Nan zan ɗan daɗe, domin inji shi ne zuciyar jirgi.

Wannan jirgi ba shi da farfela a gaba. To me ke tura shi? Ku dubi yaro ya hura balan-balan ya sake shi. Iska ta fita ta baya, balan-balan ya yi gaba. Ko ku tambayi maharbi mai bindigar toka. Idan ya harba, albarushi ya fita ta gaba, gindin bindiga ya doke shi a kafaɗa. Duk abin da ya fesa wani abu da ƙarfi ta gefe ɗaya, shi kuma za a tura shi ɗaya gefen. Wannan ita ce dabarar gaba ɗaya.

Injin kamar dogon bututu yake. Iska tana shiga ta baki. A ciki akwai jerin fankoki, ɗaya bayan ɗaya. Suna juyawa da gudu, suna matse iskar, kamar yadda zugazugin maƙeri ke tura iska cikin wuta. Daga nan sai a fesa mai cikin matsattsiyar iskar, a kunna. Man jirgin ɗan'uwan kananzir ne, sai dai an fi tace shi. Wuta ta kama, iska ta yi zafi, ta kumbura, ta nemi hanyar fita. Hanya ɗaya ce, ta baya.

Kafin ta fita, sai ta bi ta kan wata fanka ta juya ta. Ita wannan fanka ta baya an haɗa ta da fankokin gaba da sandar ƙarfe. Kun ga ke nan, wutar da kanta ke juya fankokin da ke kawo mata iska. Muddin akwai mai, injin ba zai tsaya ba.

Akwai kuma wata dabara. A can ƙarshen bututun an sa wani murhu na biyu. Idan matuƙi yana son ƙarin ƙarfi, sai ya buɗe shi. A sake fesa mai cikin iskar da ke fita, ta sake kamawa. Shi ne harshen wutar da ake gani a bayan jirgi lokacin tashi. Ƙarfi yana ƙaruwa sosai. Amma shan mai yana ninkawa, har ya wuce ninki biyu.

Samfurin ƙarshe da aka fito da shi a 1972 yana da nauyin kusan tan 9 idan an cika shi. Injinsa yana tura shi da ƙarfin kusan tan 7. Idan rai ya yi halinsa ana faɗa, akwai wani maɓalli da ke ƙara ƙarfin zuwa kusan tan 10. Sai dai minti 3 kawai aka yarda a yi haka, don kada injin ya lalace.

Tsinin da ke Hancinsa

Duk wanda ya ga hoton MIG-21 zai gane shi ta hanci. Hancin a buɗe yake kamar bakin tulu. A tsakiyar bakin akwai wani tsini, kamar ƙaramar jinkar ɗaki da aka kwantar. Mutane suna zaton ado ne, ko makami. Ba haka ba ne.

Injin ba ya iya haɗiye iskar da ta fi sauti gudu. Idan ta shigo haka, sai ya ƙware, kamar mai shan ruwa da gaggawa. Wuta tana iya mutuwa. Aikin tsinin shi ne ya tare iskar, ya rage mata gudu kafin ta isa fankoki. Kuma ba a kafe yake ba. Idan jirgi ya ƙara gudu, tsinin ya ƙara fitowa gaba. Idan ya rage, ya koma ciki.

A cikin tsinin nan aka ɓoye idon jirgin, wato rada. Na'ura ce da ke aika igiyar rediyo. Idan igiyar ta bugi wani jirgi ta dawo, sai matuƙi ya ga alamarsa a ɗan allo. To ga matsalar. Tsinin ƙarami ne, don haka radar ma dole ta zama ƙarama. Ba ta gani fiye da kamar kilomita 30. Ga jirgi mai irin wannan gudu, kilomita 30 tafiyar minti ɗaya ce. Saboda haka matuƙin MIG-21 ba mafarauci ne mai yawo yana neman nama da kansa ba. Akwai mutane a ƙasa masu babbar rada. Su ke gaya masa ta rediyo, yi dama, yi hagu, hau sama, ga shi can gabanka. Idan aka lalata tashar ƙasa, jirgin ya zama kamar makaho ba ɗan jagora.

Fiffike Mai Kusurwa Uku

Tsawon jirgin ya ɗan wuce mita 14. Daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike kuwa mita 7 ne da ɗan kai. Siriri ne ƙwarai. Matuƙan ƙasar Folan ma fensir suke ce masa. Fukafukansa gajeru ne masu kusurwa uku, kamar bakin mashi. Matuƙan Rasha sun laƙaba masa sunan wani abin kiɗansu mai tsirkiya, balalaika, domin ƙoƙonsa ma kusurwa uku gare shi.

Su Mikoyan sun gwada fiffike iri biyu kafin su zaɓi wannan. Yana yanka iska sosai, yana da ƙarfi, ba shi da nauyi. Ku lura da shaho idan zai kawo sura. Yana tattare fukafukansa baya. Ungulu kuwa da ke son shawagi a hankali, baza nata take yi.

Amma shaho yana iya sake baza nasa idan zai sauka. MIG-21 ba ya iyawa. Ƙaramin fiffike ba ya riƙe jirgi sai da gudu. Don haka yana taɓa ƙasa da gudun fiye da kilomita 250 a awa. Burkin taya kaɗai ba ya isa. Sai an saki wata lema daga wutsiya, iska ta cika ta, ta ja shi baya. Sauka da irin wannan gudu ba wasa ba ce. Kuskure kaɗan ya isa. Haka kuma idan ya yi kwana mai tsanani a sama, gudunsa yana zubewa nan da nan.

Mai Kaɗan, Tafiya Gajera

A ganina babban rauninsa shi ne mai. Cikinsa yana ɗaukar kamar lita 2,800, wato duro 14. Ga mai injin ban-ruwa wannan man shekaru ne. Ga MIG-21 bai kai na awa ɗaya ba idan ana faɗa. Samfurin farko minti 45 yake yi a sama.

Har da wata matsala. Kun san jaki da mangala. Idan aka kwashe kaya daga gefe ɗaya, sai lodin ya karkace. A samfurin farko, idan mai ya ragu sai nauyin jirgi ya koma baya, ya yi wuyar sarrafawa. A 1971 injiniyoyi suka ɗora masa babban tanki a gadon baya, kamar tozon sa. Mai ya ƙaru, amma jirgi ya yi nauyi, matuƙa suka ƙi shi. A samfurin 1972 sai aka rage tozon. Kuma tozon nan yana tare wa matuƙi ganin baya. Sai da aka liƙa masa madubi a saman gilashi, kamar na mota.

Makamansa

Labarin makaminsa na farko abin mamaki ne. A 1958 jiragen Taiwan suka kara da na ƙasar Sin. Taiwan tana da wani sabon makami mai linzami na Amurka. Makamin yana bin zafin injin abokin gaba, kamar yadda kare ke bin ƙanshi. Ɗaya ya bugi jirgin Sin ya maƙale, bai fashe ba. Matuƙi ya sauka da shi lafiya. Daga baya makamin ya isa hannun Sobiyet, suka kwance shi, suka ƙera irinsa. Shi aka rataya wa MIG-21.

Sai masana suka ce ai zamanin bindiga ya wuce. Aka fito da wani samfuri ba bindiga ko ɗaya. Amurkawa ma haka suka yi wa jirginsu F-4. Da aka je fagen fama, sai aka ga makamin yakan kuskure. Matuƙi ya harba biyun da yake da su, ga abokin gaba kusa, ba abin harbi. Dole kowane ɓangare ya mayar da bindiga. Ta MIG-21 mai baki biyu ce, faɗin harsashinta milimita 23.

A Fagen Yaƙi

A yaƙin Biyetnam ne ya yi suna. Jiragen Amurka sun fi shi girma da tsada da yawan makamai. 'Yan Biyetnam ta Arewa ba su tsaya kokawa da su ba. Tashar ƙasa ta kai matuƙi bayan ayarin jiragen Amurka. Ya zo da gudu, ya harba, ya wuce gida. Sau da yawa masu ɗauke da bam sai sun zubar da kayansu a daji don su tsira. Wato an yi amfani da jirgin daidai da aikin da aka zana shi dominsa. Wannan ya sa sojan ruwan Amurka suka buɗe makarantar koyon faɗan sama a 1969. Amma su ma Amurkawa sun rama. A ranar 2 ga Janairu 1967 sun yi musu tarko, suka kakkaɓo MIG-21 da dama cikin 'yan mintoci.

A Gabas ta Tsakiya labari ya sha bamban. A 1966 wani matuƙin Iraƙi, Munir Redfa, ya gudu da jirginsa ya sauka a Isra'ila. Suka bincike shi ciki da waje, suka san duk rauninsa. A watan Yuni 1967 suka kai wa Masar hari da safe. Yawancin jiragen Masar a ƙasa aka ragargaza su, ko tashi ba su yi ba.

Yadda Ya Zo Nijeriya

An kafa rundunar sojan saman Nijeriya a 1964. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Ingila da Amurka ba su sayar wa gwamnati jiragen yaƙi ba. Sai ta juya wajen Sobiyet. Aka kawo MIG-17, wani yayan wannan jirgi, aka sauke su a filin jirgin sama na Kano. Da farko matuƙan Masar ne suka tuƙa da yawansu.

MIG-21 kuwa a 1975 ya fara isowa, lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita. An sayo kusan 30, aka ƙaro wasu a shekarun 1980. Makurɗi ce babban sansaninsu. Ba a kakkaɓo su a yaƙi ba. Rashin kayan gyara da rashin kuɗi ne suka kwantar da su a shekarun 1990.

Wannan ba zai ba ku mamaki ba. Kun ga tarakta nawa a ajiye, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu, saboda ƙarfe ɗaya da ba a samu ba. Jirgi ya fi tarakta tsanani. Kowane sashe nasa yana da adadin awoyin da aka yanka masa. Idan awoyin suka cika dole a canja shi, ko da a ido lafiyarsa lau. Tarakta idan ta mutu a gona, direba ya sauko ya tafi gida. Jirgi mai inji ɗaya idan ya mutu a sama, sai dai matuƙi ya ja wata igiya, kujerarsa ta harba shi waje, ya sauko da lema.

Amma jinin MIG-21 bai bar Nijeriya a lokacin ba. Tun farkon shekarun 1960 Sobiyet ta ba ƙasar Sin izinin ƙera irinsa. Sai ƙasashen biyu suka ɓata, takardun zanen ba su cika ba. Injiniyoyin Sin suka kwance wanda ke hannunsu, suka cike giɓin da kansu. Nasu ya tashi a 1966. Sun ci gaba da ƙera shi har 2013. Wanda suke sayarwa waje sunansa F-7. A 2005 Nijeriya ta ƙulla cinikin guda 15, suka iso wajen 2010.

Indiya da Tsohon Jirgi

Indiya ta karɓi na farko a 1963. Daga baya ta ƙera fiye da 600 a masana'antarta. Ya yi mata aiki sosai a yaƙinta da Fakistan a 1971. Amma ta riƙe shi har ya tsufa, domin jirgin da take ƙerawa ya gaje shi ya yi ta jinkiri. Ɗaruruwa suka faɗi. Matuƙa fiye da 170 suka rasu, har da mutanen gari da jirgi ya faɗo wa. Jaridun ƙasar suka riƙa kiransa akwatin gawa mai tashi.

Ni dai ina ganin sunan nan bai yi wa injiniyoyin adalci ba. Sun zana jirgin don ƙwararren matuƙi. A Indiya kuwa an yi shekaru ba jirgin koyo na tsaka-tsaki. Sai a ɗauko saurayi daga ƙaramin jirgi mai tafiya a hankali, a sa shi cikin wanda ke sauka da gudun kilomita 250. Kamar a ɗauko mai koyon keke ne a ba shi tirela. Ga tsufan ƙarfe. Ga kuma tsuntsaye. Ungulu ɗaya idan ta shiga wannan buɗaɗɗen hanci, ta isa ta kashe injin. Shi ya sa ake hana zuba shara da yin mayanka kusa da filin jirgi, domin su ke tara tsuntsaye. Masu gonaki da gidaje kusa da irin wannan fili sai a kiyaye.

Mikoyan ya rasu a 1970, Gurebich a 1976. Sobiyet ta daina ƙera jirgin a 1985. Indiya kuwa sai a ranar 26 ga Satumba 2025 ta yi bikin sallamarsa a birnin Candigar, bayan shekara 62 yana aiki.

Nan zan tsaya. Mai tambaya ya ɗaga hannu.